Tsohon cocin Wusasa: siminti da kwano gyara ne ko ɓarna ga ginin ƙasa?

Ɗan Kufena:
Jama'a barkanmu da warhaka. Ina so mu tattauna kan tsohon cocin St. Bartholomew da ke Wusasa, bayan garin Zariya ta wajen Dutsen Kufena. Ginin ƙasa ne na 1929, wato ya doshi shekara ɗari, kuma da tubali da azara aka yi shi kamar yadda ake gina soron sarauta. Tambayata biyu ce. Me ke riƙe gini irin wannan har ya kai wannan shekaru, alhali gidajen ƙasa da yawa da aka yi bayansa sun zube? Sannan duk inda aka zauna maganar tsohon ginin ƙasa sai wani ya ce a shafe shi da siminti, a ɗora kwano, kowa ya huta. Masana gini da ke zauren nan, wannan shawara gyara ce ko ɓarna? A ba mu dalili.

Malama Mai Tarihi:
Kafin magina su shigo, bari in shimfiɗa tabarma. A 1900 ne ayarin 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta ɗarikar Angilika daga Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu bai ba su wurin zama ba, suka juyo suka sauka a Girku. A cikin ayarin akwai Dakta Walter Miller, wanda a 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Sun yi sama da shekara ashirin a cikin ganuwa, sai a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa. A nan aka kafa coci da makaranta da asibitin St. Luke.

Abin lura shi ne jama'ar da aka gina wa cocin. Hausawa ne da Fulani masu bi, da Hausa suke sujada, kuma shekara uku bayan ƙaurar, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, wanda Miller ya yi ɗawainiyar fassara shi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce ɗakin ibadarsu ya fito da kamar soron Zazzau maimakon kamar cocin Legas. Daga wannan ƙauye ne Dakta Barau Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ginin ya ga mutane.

Baba Magini:
Ɗana Ɗan Kufena, amsar tambayarka ta farko tana cikin ƙasar da aka zaɓa tun ranar farko. Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, wadda muke kira birji, ita ce ta gini. Baƙar ƙasar fadama yumɓu ya yi mata yawa, in ta bushe sai ta dare. Mai yashi da yawa kuma ba ta kama jikinta, ruwa ɗaya zai wanke ta.

Ana haƙo ta, a farfasa, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a sake tattakawa, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a ƙara ruwa a sake takawa. Mai gaggawa da ya kwaɓa yau ya yi gini yau, bangonsa ba ya tsufa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa kai tsini kamar kan sukari irin na da, a shanya shi kamar mako biyu a rana har sai in ka ƙwanƙwasa ka ji ya yi ƙara.

Wajen jerawa, gindin tubali ƙasa, tsininsa sama. Magini na zaune a kan bango, yara na jefo masa tubali da curin ƙasa, yana jerawa yana cike tsakani. Ba a wuce layi biyu ko uku a yini, a bari ya sha iska kafin a ɗora wani. In aka yi layi biyar a yini ɗaya na ƙasa bai bushe ba, nauyi zai tumbatsa shi, bangon ya yi ciki. Kuma bango na fara da kauri a gindi, babban soro yakan kai mita ɗaya ko fiye, yana tafiya yana sirancewa zuwa sama. Wannan kaurin shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma sanyin da ake ji in an shiga da tsakar rana a watan Afrilu.

Mai Zanen Gini:
Allah ya ƙara girma Baba. Ni inda abin ya fi burge ni shi ne rufi, domin a nan ne buƙatar coci ta yi karo da iyakar azara. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, amma gajeriya ce wajen ɗaukar nauyi. In ka shimfiɗa ta daga bango zuwa bango da ƙasa a kanta, kusan mita 1.8 ne iyakarta kafin ta fara lanƙwasa. Shi ya sa ɗakunan gidan gargajiya suke da ƙunci. In an fito da tauyi daga jikin bango, wato azarori da aka dasa suka leƙo don su tari na sama, ana ƙara faɗin ya doshi mita uku.

To coci ba zai yiwu da mita uku ba. Tsarin sujadar Angilika na son dogon ɗaki, jama'a na fuskantar bagade, kowa na ganin mai wa'azi a kan mumbari, da hanya a tsakiya wadda limami da mawaƙa za su bi. In ka cika wurin da ginshiƙai ka tare wa rabin mutane gani. Maganin da maginin Hausa yake da shi shi ne baka. Baka ɗaya da ya taso daga bango ya sauka a ɗaya bangon shi ne bakan gizo. In biyu suka gitta juna a tsakiya, ɗaurin guga ke nan. Da baka ana iya haye mita bakwai zuwa takwas ba ginshiƙi ko ɗaya.

Kuma a sani, bakan Hausa ba irin na Turawa ba ne da ake jera duwatsu a kan katakon tallafi suna danne juna. Namu azara ce a ciki, ƙasa sutura ce kawai da manne. Wannan bambanci shi ne tushen duk wata maganar gyara.

Ɗan Kufena:
Baba, a ɗan warware mana yadda ake ɗaga bakan nan ba tare da an tokare shi daga ƙasa ba. Kullum abin na ɗaure mini kai.

Baba Magini:
Hawa-hawa ake yi, kowane hawa sunansa kafi. In bango ya kai kamar tsayin kafaɗar mutum ko sama kaɗan, sai a dasa damin azara a cikinsa ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna, su ɗan karkato ciki. A ɗaure su tam da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a danne gindinsu da ginin bango ta baya. Kafin farko ke nan. Sai a tafi a bar shi ya bushe sarai, kwanaki ba awanni ba.

Kafi na biyu ana ɗaure shi a jikin na farko, ya hau kansa da tazara mai kyau, karkatarsa ta fi ta farko. Haka na uku. Kowane hawa ana ƙara gini a bayansa don nauyin baya ya rinjayi na gaba. Ƙafa biyun na ta matsowa har tazarar da ta rage a sama ta zama wadda azara ɗaya za ta haye, sai a shimfiɗa ta a ɗaure, baka ya rufe. Daga nan a jera azarori tsakanin baka da baka, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daddaɓe, a yi mata gangare zuwa bakin indararo.

Inda ake kuskure uku ne. Ɗora kafi kan wanda bai bushe ba. Rage tsawon haɗin da ke tsakanin kafi da kafi don a yi tsimin azara. Da kuma amfani da azarar da aka tsaga daga tsakiyar itace mai laushi maimakon ta gefen bawo mai baƙin jijiya. Ta tsakiya fara ce, mara nauyi, farce ma na shiga. Ita ce gara ke fara ci.

Kafinta Sabon Gari:
Duk na ji, kuma ina girmama aikin iyayenmu. Amma mu faɗi gaskiya. Rufin ƙasa a Zariya wahala ne. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai milimita dubu, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba. Rufin soro na son a hau shi kowace shekara, in aka yi sakaci damina biyu ya fara yoyo. Ikilisiyar ƙauye ina za ta samu kuɗin magini duk shekara? A kafa katako, a buga kwano mai kyau da baki mai faɗi, shekara talatin ba ruwanka. Siminti kuma a shafa a waje don ruwa ya daina cin bango. Ni ban ga laifin wannan ba.

Injiniya Tudun Wada:
Malam Kafinta, maganarka biyu ce, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ta kwano abin tattaunawa ce. Ta siminti kuwa babu alheri a cikinta, bari in faɗi dalili.

Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Da damina yana tsotsa daga ƙasa ta gindi, da rani ya fitar ta fuskarsa. Siminti ba ya barin wannan fita. Na biyu, siminti da ƙasa ba sa mannuwa da gaske, kuma ba sa motsi tare: rana ta buga, siminti ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, ƙasar da ke bayansa ba ta bi shi ba. Cikin 'yan shekaru sai siraran tsaga su fito. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya gangara ta bayan simintin, ba hanyar fita. Daga waje bango sumul, a ciki ƙasa ta zama taɓo, gara ta samu hanya mai duhu da laima wadda ba mai ganin ta. Ranar da za a sani ita ce ranar da faifan siminti zai ɓallo da rabin bangon a jikinsa.

Wasu na buga ƙusoshi ko wayar kaji a bango don simintin ya kama. Wannan na jinkirta faɗuwar ne kawai, ƙusa ta yi tsatsa ta kumbura ta ƙara fasa wurin.

Gwaji mai sauƙi ga duk ginin ƙasa da aka riga aka shafa wa siminti: ɗauki ƙotar guduma ka bi bango kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da ƙasa. Ka zagaye wurin da alli. In wuraren allin sun yi yawa a gindin bango, a cire simintin da rani, kaɗan-kaɗan da kurfi da hannu, kada a wuce faɗin mita ɗaya a lokaci guda, a bar bango ya bushe makonni kafin a cike da tubali da ƙasa irin tasa.

Kafinta Sabon Gari:
To na sallama a kan siminti. Amma me za a shafa? Yaɓen ƙasa zalla ruwan farko zai tafi da shi.

Baba Magini:
Ai ba ƙasa zalla ake shafawa ba, ɗana. Akwai makuba. Bawon ɗorawa ne ake dakawa a jiƙa, ruwan ya yi ja-ja-baƙi, da shi ake kwaɓa ƙasar yaɓe. In ya bushe yana yin tauri da duhu, ruwa na zamewa a kansa. Ana sabunta shi bayan shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma wanda ake danna ƙananan tsakuwa a jikin yaɓen tun yana ɗanye sannan a bi da ruwan makuba, wannan ya fi daɗewa.

Na rufi da kan bango kuwa laso ne. Katsi ake samowa daga marina, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar baba, a shanya, a ƙona, a daka ya zama gari. A haɗa da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi, wato na wani tsiron daji mai yaɗo. A kwaɓa, a bar shi ya kwana, a sake kwaɓawa har ya yi laushi, sannan a shafa da hannu a goge. Laso mai kyau yana kai shekara biyar. Gashin shi ke hana shi tsagewa, dafara ke hana ruwa shiga.

Matsalar yau ita ce katsi ya yi wuya tunda marina sun ragu, majema ma haka. Duk mai niyyar gyaran babban gini ya fara neman katsi tun kaka, kada ya bari sai Maris.

Dattijon Ikilisiya:
Na gode wa masana. Ina so in ƙara abin da masu gini ba su cika kawowa ba, domin coci ba gidan tarihi ba ne kawai, wurin sujada ne, kuma yawan lahanin tsofaffin majami'u daga ƙauna yake zuwa. Wani ya yi alkawarin godiya ya ce zai sa tayil. Ƙungiyar mata ta tara kuɗi ta sayi fenti. Matasa na son fanka da manyan lasifika. Kowa da kyakkyawar niyya. Injiniya, a cikin waɗannan wanne ne ke cutar da gini, wanne ne ba komai? Dattawa na buƙatar amsar da za su iya bai wa mai bayarwa ba tare da an karya masa zuciya ba.

Injiniya Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, tayil da daɓen siminti su ne na farko. Daɓen ƙasa na barin laimar da ke ƙarƙashin ɗaki ta fita ta ko'ina. In ka rufe shi, laimar ba ta ɓace ba, sai ta bi gefe ta hau bango. Alamarta farin gishiri-gishiri a gindin bango daga ciki, da yaɓe mai zubowa kamar gari daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. In dole sai an yi daɓe mai tauri, a bar tazarar kamar santimita 30 a bin bango, a cike ta da tsakuwa ko jan bulo da aka jera kan yashi ba siminti.

Fentin mai shi ma rufe numfashin bango yake yi, sai ya kumbura ya ɓare da fatar yaɓe. Farar ƙasa ita ce daidai, da launukan ƙasa in ana son ado. Mai son ba da fenti a ce masa ya sayi farar ƙasa ya biya mai shafawa, ladan ɗaya ne.

Fanka: kada a taɓa huda baka don rataye ta. Baba ya gaya mana abin da ke ciki, azara ce da igiya. Mai huda ba ya ganin inda haɗin kafi yake, in ya tsinka igiya ko ya fasa azara a nan, ya raunana bakan gaba ɗaya, ga kuma girgizar fanka kullum. A yi amfani da fanka mai tsayuwa. Wayar lantarki a bi da ita a fili cikin bututu, kada a tsaga bango a binne. Lasifika a ɗora kan ƙafarsa, kada a manna a bango. Janareta a kai shi nesa.

Mai Zanen Gini:
In koma kan kwano, domin Malam Kafinta bai samu cikakkiyar amsa ba, kuma yana da hujja. Akwai hanya biyu da ake sa kwano a ginin ƙasa. Ta farko a rushe rufin ƙasa da bakuna a maye da katako da silin. Wannan kashe ginin ne, abin da ya rage bango huɗu ne kawai, kuma ɗakin zai koma tanda da rana. Ta biyu a bar rufin ƙasa yadda yake a yi masa laima ta kwano a sama. Wannan ana yi, kuma ya ceci gine-gine da dama. Amma da sharuɗɗa.

Ƙafafun laimar su tsaya da kansu a waje, ko a kan katakon da aka shimfiɗa bisa kaurin bango don nauyi ya bazu. Kada a tokara su a tsakiyar rufi ko a kan baka. A bar sarari tsakanin kwano da ƙasa wanda mutum zai iya rarrafawa ya duba, iska kuma ta ratsa. A sa raga a bakin sararin, in ba haka ba jemagu da tattabaru za su mayar da shi gida. Bakin kwano ya fito aƙalla santimita 60 daga bango. A ɗaure shi da kyau, domin guguwar farkon damina ta fi son irin wannan rufi.

Abin da ake asara shi ne fuska. Rawanin bango da zankaye su ne kamannin ginin Hausa daga nesa, kwano na ɓoye su ko ya sa a sare su. Haɗari na biyu ya fi wannan: da zarar an sa kwano mutane na daina hawa. Ƙusa ɗaya ta yi yoyo, ruwa na ɗiga wuri guda shekara uku ba wanda ya sani, har azara ta ruɓe. A ra'ayina, ga gini mai daraja irin na Wusasa, rufin ƙasa da laso da dubawa duk shekara shi ne na farko. Laima sai in an tabbatar ba za a iya wannan ba.

Kafinta Sabon Gari:
Hajiya Mai Zanen Gini, ni har yanzu ina ganin laimar ta fi zama lafiya ga yawancin ikilisiyoyi, domin dubawar duk shekara da baki ake faɗin ta. Amma na yarda da sharuɗɗan, musamman na barin hanyar shiga. Zan ƙara ɗaya: katakon da zai taɓa ƙasa a shafe shi da maganin gara tukuna, kuma kada a yi amfani da farin katako mai laushi. Shi ne ke jawo gara har ta gangara ta samu zanar da ke cikin rufi.

Injiniya Tudun Wada:
Akwai lissafin da ya kamata kowa ya riƙe, ko da kwano ko babu. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. A ɗauki rufi mai murabba'in mita 200 a misali. Ruwan dare ɗaya na milimita 50, wanda ba baƙo ba ne a Agusta, lita 10,000 ke nan, duro hamsin. Duk wannan ta indararo zai fita. In indararo ɗaya ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwan zai kwanta a bayan rawani ya nemi hanya ta cikin bango. In indararon gajere ne, zai zuba a jikin bango ya haƙa rami daga sama har ƙasa. Ya fito kamar santimita 60 ko fiye, a liƙe wuyansa da laso, kuma inda ruwan ke faɗuwa a jera duwatsu da lambatu mai kai shi nesa, don kada ya fantsamo ya ci gindin bango.

Sai nauyi. Busasshiyar ƙasa mai kaurin santimita 15 tana kai kilo 250 zuwa 280 a kowane murabba'in mita. Kuskuren da aka fi yi shi ne duk shekara a ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa ba a kankare ba. Bayan shekara ashirin rufin ya ninka kauri, azarar da aka yi wa lissafin kaya ɗaya tana ɗauke da biyu, in ya jiƙe kuma ya ƙara. A kankare wadda ta mutu kafin a sa sabuwa.

Malama Mai Tarihi:
Wani abu da ya haɗa coci da masallaci a wannan ƙasa: hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Alƙiblar masallatanmu gabas take, a tsohuwar al'adar coci ma bagade gabas ake sa shi. Wato bangon da ya fi daraja a ɗakunan ibada biyun shi ne ya fi saurin zaizayewa, shi ya kamata a fara yi wa yaɓe.

Kuma Zariya na da darasi a gida. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, shi ne ƙololuwar aikin baka a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na zamani. Bakunan ciki sun tsira, amma siffarsa ta waje sai dai a je Jos a ga kwatankwacinta a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. A Djenne ta Mali kuwa, masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana nan da fuskarsa domin duk shekara gari na fitowa a yi masa yaɓe rana ɗaya. Cocin Ingila, uwar ɗarikar Angilika, tun 1955 take da dokar cewa duk shekara biyar masanin gini ya duba kowane cocin unguwa ya rubuta rahoto. Ba abin da zai hana ikilisiya a nan ta ɗauki tsarin biyu: aikin gayya kowace shekara, duban masani kowace biyar.

Dattijon Ikilisiya:
Wannan shawara ta zauna mini, Malama. Aikin gayya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Baba, in za a tsara shi a kalandar ikilisiya, wane aiki ne na wane wata?

Baba Magini:
Ranka ya daɗe, da ɗaukewar ruwa a Oktoba a zagaya a duba, tun tabon damina bai ɓace ba. A ɗaga kai a dubi rufi daga ciki, duk inda farar ƙasa ta yi rawaya ko ta yi taswira, yoyo ne, a sa alama. A soka tsinken ƙarfe a ƙarshen azarar da ke shiga bango, domin nan take fara ruɓewa. In ya shige da sauƙi, a tokare wurin da gungume kafin a taɓa komai. A bi gindin bango a nemi hanyar gara, a kankare, a bi ta har gidanta a tone.

Nuwamba da Disamba a tara kaya: ƙasa, ciyawa, bawon ɗorawa, katsi, azara. A buga tubali. Janairu zuwa Maris a yi babban gyara. Amma yaɓen ƙarshe kada a yi shi cikin tsananin hunturu da iska, yana bushewa da sauri ya tsattsage. A yi shi da sassafe ko da yamma, a yayyafa wa bango ruwa tukuna, a shafa shi siriri hawa biyu maimakon mai kauri hawa ɗaya. Afrilu a gama laso, a share indararo. Bayan ruwan farko a sake hawa a gani ko akwai inda ruwa ya kwanta.

Ramin gindin bango ba a cika shi da curin ƙasa a tafi. A yanke shi ya yi kusurwa, a share, a jiƙa kaɗan, a jera tubali a ciki layi-layi. A ƙarshe a gyara dakalin da ke bin gindin bango ya gangara waje. Kuma duk bishiyar da ta tsiro kusa, darbejiya ce ko cediya, a cire ta tun tana ƙarama.

Ɗan Kufena:
Saura tsaga. Yaya ake gane wadda ta yaɓe ce kawai da wadda ke nuna bango na tafiya?

Injiniya Tudun Wada:
Ta yaɓe siririya ce, tana rarrabuwa kamar busasshiyar fadama, ba ta da zurfi. Mai haɗari ita ce doguwa da ta miƙe a kusurwa inda bango biyu suka haɗu, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko wadda ta ratsa baka a gicciye, ko wadda ake gani ciki da waje a wuri ɗaya. Kada a yi saurin liƙe ta. A buga ƙananan ƙusoshi biyu, ɗaya a kowane gefe, a auna tsakaninsu da ma'aunin milimita, a rubuta a littafi da kwanan wata, a maimaita duk wata har shekara ta zagayo. In tana buɗewa da rani tana rufewa da damina, motsin ƙasa ne na kullum. In ƙaruwa take yi ba komawa, a tokare, a hana zama a ƙarƙashin wurin, a kira injiniya da magini su duba tare. In ta tsaya cik, sai a ɗinke ta: a yanka gurbi a gicciye duk bayan kamar rabin mita, a kwantar da guntun azara mai tsawon mita ɗaya a ciki, a cike da ƙasa, a bar kowane gurbi ya bushe kafin a yanka na samansa.

Mai Zanen Gini:
Kuma kafin a taɓa ko'ina a ɗauki hoton kowane bango da kowane baka, da sandar awo a jingine a jiki, a auna faɗi da tsayi da kaurin bango a zana a takarda. Kwafi ɗaya a ofishin coci, ɗaya a wajen dayosis, wato ofishin bishop. Guntun tsohon yaɓe da aka cire ma a ajiye kaɗan a kwali a rubuta daga inda ya fito, domin da shi magini zai gwada launi da yawan tsakuwar sabuwar ƙasa kafin ya kwaɓa da yawa.

Baba Magini:
Haka ne 'yata. A yi gwajin a jikin bangon yamma inda ido bai cika kaiwa ba, faci uku kamar faɗin faranti, kowanne da irin haɗinsa. A ba su mako ɗaya, sannan a watsa musu ruwa da buta daga sama. Wanda bai tsage ba kuma bai zubo ba, da shi za a yi aikin.